Na'urar feshin ruwa a tsofaffin shagunan Zariya: daga ina ruwan zai fito?

Da zarar hunturu ya kankama, iska ta bushe ƙayau, sai labaran gobara su fara shigowa daga kasuwanni. Kusan tafiyarsu ɗaya ce. Cikin dare, bayan an kulle shaguna kowa ya koma gida, aka kawo wuta, wata tsohuwar waya ta yi tartsatsi, mai gadi bai ankara ba sai da hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwano. Kafin a kira 'yan kwana-kwana, kafin motarsu ta kutsa tsakanin tebura da rumfunan da aka kafa a kan hanya, layi guda ya tafi. Mun ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda shaguna sama da 3,000 suka ƙone. Babbar kasuwar Jos kuwa tun gobarar Fabrairun 2002 ba ta koma yadda take ba.

Bayan kowace irin wannan masifa sai a ji masana suna cewa da akwai na'urar feshin ruwa a rufin shagunan, wadda injiniyoyi ke kira sifirinkila, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Gaskiya suka faɗa. Sai dai maganar tana tsayawa ne daidai inda wahalar ta fara, musamman ga gari irin Zariya, inda yawancin gine-ginen kasuwanci an gama su tun kafin kowa ya yi tunanin wannan na'ura.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin rufi ko silin, cike da ruwa mai matsi. A kowane ɗan tsakani akwai kan feshi, girmansa bai wuce babban yatsa ba, bakinsa a toshe, kuma abin da ya tokare toshiyar ɗan siririn gilashi ne mai wani ruwa a ciki. Idan zafi ya taso daga ƙasa ya kai wani mizani, ruwan cikin gilashin sai ya kumbura ya fasa shi, toshiyar ta faɗo, ruwa ya tsargo ya bugi wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora, ya bazu a kan wutar. Launin gilashin shi ke nuna mizaninsa: ja yana fashewa a digiri 68 na ma'aunin Salshiyos, rawaya a 79, kore a 93. Hayaƙin turaren wuta ko na sigari ba ya buɗe shi, zafi kaɗai ke yin haka. Ba kuma duka kawunan ke buɗewa a tare ba, sai wanda zafin ya kai gare shi. Alƙaluman ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, sun nuna cewa a fiye da kashi 70 cikin 100 na gobarar da na'urar ta yi aiki a kanta, kai ɗaya tak ne ya buɗe.

Wannan ya amsa tsoron da mai sayar da atamfa ko shadda ko littattafai zai fara kawowa, cewa ruwa zai lalata masa kaya. Kai ɗaya yana zubar da kimanin lita 60 zuwa 100 a minti, a kan 'yar kusurwar da wutar ta tashi. Mesar 'yan kwana-kwana tana zubar da ɗaruruwan lita a minti, kuma tana zuwa ne bayan wuta ta riga ta ci rabin kayan. Jiƙaƙƙen bandir ana shanya shi a sayar da rangwame. Wanda ya zama toka sai dai a share.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai masana'antar fiyano, Henry Parmelee, ya ƙera ta farko mai buɗe kanta da ta samu karɓuwa a 1874, Frederick Grinnell ya inganta ta a 1881. Kamfanonin inshora ne suka tura ta gaba, domin sun ga masaƙun da suka sa ta ba sa ƙonewa ƙurmus, sai suka rage musu kuɗin inshora. A riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Yanzu mu yi lissafin ruwa, domin a nan maganar take. Ƙa'idar Turai da injiniyoyinmu da yawa ke aiki da ita tana sa manyan shaguna da cibiyoyin kasuwanci a rukunin da ake tsara wa lita 5 a kan kowace murabba'in mita a kowane minti, a kan fili mai murabba'in mita 216, na tsawon minti 60. Ana ɗauka cewa a mafi munin hali kawuna kusan 18 za su buɗe tare. Idan ka ninka, lita 1,080 ke nan a minti, wato kusan lita 65,000 a awa ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da lissafi ya bayar, a aikace tankin da ake ginawa yakan fi haka. Ga wanda ya saba sayen ruwa a hannun mai kura, jarka mai lita 25 ce kusan 2,600. Tankin roba mai lita 5,000 da muke ɗorawa a kan ƙarafa a bayan filaza, wanda mai gini ke alfahari da shi, ba zai kai minti biyar ba.

A Landan ko Niyok mai gini zai iya jona na'urarsa da babban bututun gari, domin ruwa na nan dare da rana da matsinsa. A Zariya an yi aikin ruwa babba, an gina dam ɗin Galma, an kuma buɗe matatar da aka tsara ta ba da lita miliyan 150 a rana a 2017. Amma duk wanda ke zaune a garin ya san ruwan famfo abu ne da ke zuwa ya tafi, kuma unguwanni da dama rijiya da burtsatse da masu kura ne ke riƙe da su. Ba injiniyan da ya san aikinsa da zai rataya na'urar kashe gobara a kan bututun da ba a san ko da ruwa a cikinsa da ƙarfe biyun dare ba. Burtsatse ma ba ta maye gurbin tanki, aikinta cika shi a hankali. Saboda haka duk mai son sa wannan na'ura a nan, a haƙiƙa ma'ajiyar ruwa zai gina.

To ina za a ajiye ta? Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ce. Tan 65 a kan rufin benen da aka zuba dakinsa na kankare shekara arba'in da suka wuce, wanda ba wanda ya san yawan rodin da ke cikinsa, neman wata masifar ce daban. Ko da rufin zai ɗauka, tsayi kaɗai ba ya ba da matsin da ake so: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kaɗan ne, awo ɗaya kacal na ma'aunin matsi da ake kira «bar», kuma kawunan hawa na sama, waɗanda suka fi kusa da tankin, su ne za su samu ruwa mafi rauni. Dole dai a sauko ƙasa, a haƙa ko a kafa tankin ƙarfe mai faɗin kamar mita 6 da 5, zurfin fiye da mita 2. Filin shago biyu ko uku ke nan. A Sabon Gari ko Tudun Wada, inda har baranda an yanka ta an ba da haya, wannan filin kuɗi ne da mai gini zai riƙa rasawa duk shekara.

Ruwan da ke ƙasa kuma sai an tura shi sama. Tsarin da aka saba shi ne injuna uku: ƙarami da ke riƙe matsi a cikin bututu kullum, babba mai amfani da lantarki, da wani babban mai dizel wanda ke tashi da kansa idan matsi ya faɗi. A wasu ƙasashe na dizel ɗin ɗan jiran ko-ta-kwana ne. A nan shi ne ainihin injin. Ko an yi sa'a akwai wutar Nepa lokacin da gobara ta tashi, abu na farko da jama'a ke yi shi ne yanke wutar layin, kuma daidai suka yi. Janaretan filaza kuwa an kashe shi tun magariba, mai kunna shi yana gida yana barci. Injin dizel mai batir biyu da tankin mansa na kansa shi kaɗai ne zai tashi ba tare da wani ya taɓa shi ba.

Abu ɗaya da yanayi ya sauƙaƙa mana shi ne sanyi. A ƙasashen sanyi, wuraren da ruwa zai iya daskarewa a bututu sai an yi musu tsari mai tsada, inda ake cika bututun da iska. Duk sanyin Samaru a watan Janairu bai kai ga haka ba, don haka tsari mafi sauƙi, mai ruwa a ciki kullum, ya ishe mu. Namu ciwon kan zafi ne. Ƙa'ida ta ce mizanin kan feshi ya ɗara mafi tsananin zafin wurin da kimanin digiri 30. A ƙarƙashin kwanon da babu silin, da tsakar ranar Afrilu, jan gilashi ya yi kusa da iyakarsa, rawaya ko kore ya kamata a sa. Ɗan kwangilar da ya sayo kwali guda na ja ya bi ko'ina da shi, wata rana zai jiƙa wa wani buhunan sukari ba gaira ba dalili, daga ranar kuma 'yan kasuwa za su rufe na'urar gaba ɗaya.

Sai jikin ginin kansa. Gine-ginen kasuwancin Zariya ba zamani ɗaya suka fito ba. Akwai na zamanin jirgin ƙasa, wanda ya iso wajen 1911 ya jawo kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa da fata, suka gina kantuna da sito-sito kusa da tasha, irin su Paterson Zochonis da unguwar PZ ta gaji sunansa. Akwai benayen shekarun 1970 da 1980. Akwai gidajen zama da aka fasa bangonsu na gaba aka mai da ɗakuna shaguna, kamar yadda ake gani a bakin titin Samaru daura da jami'ar Ahmadu Bello. A cikin birni kuma akwai ginin ƙasa mai rufin azara da aka yi wa shafen siminti. Kowanne da irin tasa matsalar.

Tsofaffin sito-siton Turawa su ne mafi sauƙi, abin mamaki. Rufinsu na da tsayi, a buɗe yake, ƙarafan da za a rataya bututu suna bayyane. Benayen tsakiya sun fi wuya: sai an huda daki da bango don bututu ya wuce, ba tare da an yanke rodi ba, alhali zanen ginin ya daɗe da ɓata, idan ma an taɓa yin sa. Silin ɗin da yawa na asbesto ne, wanda ƙurarsa ke illata huhu idan aka huda shi a bushe, don haka sai an jiƙa, an rufe hanci, an kwashe kaya. Bututu cike da ruwa yana da nauyi, katakon rufin da gara ta ci ba zai riƙe shi ba. Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe ƙusa mai ɗaukar nauyi, kuma ɗan yoyo kaɗan da ba a lura da shi ba ya isa ya zubar da shi. A irin wannan ginin, ni dai ban ga dalilin tilasta bututu ba.

Akwai wani wuri da ido ba ya gani, kuma nan ne gobarar kasuwa ke yin gudunta. Ka leƙa saman silin a layin shaguna goma da aka gina a jere. Bangon da ya raba shago da shago ya tsaya a daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda daga farkon layi zuwa ƙarshe, cike da busasshen katako, yanar gizo-gizo, ƙura, da wayoyin da kowane ɗan haya ya ja wa kansa ya naɗe mahaɗarsu da leda. Wutar da ta tashi a nan tana saman kawunan feshin da ke kallon ƙasa. Za ta bi rufin ta faɗo cikin shaguna biyar a lokaci guda, kawuna masu yawa su buɗe tare, matsi ya faɗi. Ko dai a sa wani jerin kawunan a cikin wannan sararin, ko a ɗaga bangon bulo har ya taɓa kwano bayan kowane shago biyu ko uku. Na biyun aikin magini ne na kwana kaɗan, kuma ko ba a sa na'ura ba yana rage ɓarna ƙwarai.

Yanayin kasuwancinmu ma yana faɗa da na'urar. Ana so a bar tazarar kusan rabin mita tsakanin kan feshi da saman kaya, domin ruwan ya samu damar bazuwa. Mai shago a nan yana jera kwali har ya tokari silin, wani ma ya yi wa shagon ɗan bene na katako a ciki. Shagon da aka yi wa lissafi a kan takalma, baɗi an ba mai katifa, soso kuwa yana ci da wani irin zafi da lissafin farko bai tanada ba. Inda ake tara man gyaɗa ko manja ko fenti, ko jarkokin fetur na janareta, ruwa zalla na iya ɗaukar man da ke ci ya yaɗa shi. Ga kuma sabon baƙo, batiran sola da inbata da ake kullewa a lungun shago suna caji har safe. Waɗannan duka sai an ware su, an yi musu nasu tanadin.

Wa zai biya? Kawuna da bawul da injunan da suka cancanta, masu tambarin gwaji irin UL ko FM ko LPCB, daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Sa su a tsohon gini ya fi tsada a kan sabo, saboda fashe-fashe da gyare-gyare da kwanakin da shago zai zauna a rufe. Ka je wa mai gini da maganar, zai ce maka: «Injiniya, ni bango da kwano ne nawa, kayan miliyoyin da ke ciki na 'yan haya ne, su ya kamata ka samu.» Ɗan haya kuma zai ce: «Ranka ya daɗe, ni da ake sabunta mini haya shekara-shekara, in zuba kuɗi a ginin wani, gobe ya ƙara mini kuɗi ko ya ce in tashi?» Dukkansu suna da hujja.

A ƙasashen da aka warware wannan, abu biyu ne suka yi aiki: inshora da doka. Inshora a nan ba ta da wannan ƙarfin. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa gine-ginen da jama'a ke shiga yin inshorar gobara, amma 'yan kasuwarmu da yawa ba sa yi, wasu saboda shakkar halaccinta, wasu saboda ba su yarda za a biya su ba. Takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, ta kawar da uzurin farko ga mai so. Da masu takaful za su fito da rangwame bayyananne ga ginin da ke da na'ura mai aiki, da mai gini ya samu abin da zai sa a lissafinsa.

Doka kuwa, ko a Amurka sai da aka yi asarar rayuka. Gobarar otal ɗin MGM Grand a Las Vegas a Nuwamban 1980 ta kashe mutum 85, ta tashi ne a sashen da babu na'urar, sannan jihar Nevada ta tilasta sa ta a tsofaffin manyan gine-gine. Birnin Niyok ya yi dokarsa a 2004 kan dogayen benayen ofisoshi, ya ba masu su wa'adi har zuwa 2019. Shekara 15 ke nan, a garin da ke da kuɗi da ruwa da wuta. Mu muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, muna da hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, mai ba da izinin gini. Amma idan aka wayi gari aka ce kowane tsohon shago ya sa na'ura cikin wata shida, na san abin da za a samu: jan bututu a silin wanda bai jonu da komai ba, da takardar shaida a bango.

Abin da nake gani zai yiwu shi ne a daina kallon lamarin shago-shago. Lissafin lita 65,000 ɗin nan ba ya ƙaruwa da yawan shaguna, domin an gina shi ne a kan gobara ɗaya a wuri ɗaya. Tankin da zai kare filaza mai shago 20, shi ne dai zai kare layuka masu shago 300, illa a ƙara tsawon bututu da ɗan ƙarfin inji. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, idan aka raba shi kan mutum 300 ya zama kamar zubin adashi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun riga sun iya tara kuɗin gadi da na shara da na gyaran taransifoma. Tanki ɗaya, ɗakin inji ɗaya, babban bututu ya zagaye kasuwar, a fitar masa da bakuna inda motar kwana-kwana za ta sha ruwa maimakon ta koma neman sa a wani wuri. Wannan matakin kaɗai ya biya kuɗinsa. Daga nan sai layuka su riƙa jonuwa ɗaya bayan ɗaya, a fara da 'yan katifa da 'yan yadi da manyan sito. A wajen kasuwa kuma, waɗanda ya kamata doka ta fara matsa wa su ne gine-ginen da mutane ke kwana a saman shaguna, da otal-otal, da ɗakunan kwanan ɗalibai masu bene da matattakala ɗaya, domin a can rai ake magana. Kafin duk wannan a sake wayoyin wuta, a sa abin da ke yanke ta idan ta yi gardama, tunda daga nan yawancin masifar ke farawa.

Saura abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka a wurinmu, wato ranar da ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. Ko a Amurka, binciken NFPA ya nuna cewa fiye da rabin lokutan da na'urar ta ƙi aiki, dalilin shi ne wani ya rufe bawul ɗinta tun kafin gobarar. Injin dizel yana so a tayar da shi duk mako, a duba batir da mai. Ruwan burtsatse mai yashi ko tsatsa yana toshe kawuna, sai an tace shi. Mai fenti da ya zo kwalliyar salla zai shafe gilashin idan ba a hana shi ba, kan da aka shafa wa fenti kuwa sai dai a canza shi. Wani zai ga wurin rataya hanga ya samu.

Ga kuma jarrabawar da ta fi duka: tanki cike da lita dubu sittin da wani abu, a tsakiyar kasuwa, a watan Maris, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Za a fara da ruwan alwala, wanda ba mai iya hanawa, sai mai abinci, sai mai wankin babur, dizel ɗin injin ma a ara a zuba a janareta da niyyar mayarwa. Hani da baki ba zai yi aiki ba. Dabarar da injiniyoyi ke yi ita ce a gina tankin ya fi buƙata girma, a fitar da bututun amfanin yau da kullum daga can sama, na gobara kuma daga gindi. Jama'a su sha na saman yadda suke so, idan ya sauka zuwa bakin bututunsu sai famfo ya ɗauke da kansa, kason gobara na nan a ƙasa ba wanda ya isa gare shi. Ɗaukewar famfon ita za ta sa a yi ta ƙorafi har a tayar da burtsatse a cika tankin, kuma ruwan ba zai daɗe a kwance ya lalace ba. Babban bawul a ɗaure shi a buɗe da sarƙa da kwaɗo, makulli ɗaya a hannun sarkin kasuwa, ɗaya a ofishin kwana-kwana, sannan a sa albashin wanda zai riƙa tayar da injin duk mako a cikin kuɗin gadi da ake karɓa kowane wata.